Masu cewa tausayi ne ya lalata mu, ku zo mu zauna

Ni dai ba bidiyon ne ya fi ƙona min rai ba, tunda abin a gabana aka yi shi, na gani da idona kafin kowa ya gani a waya. Abin da ya hana ni barci shi ne maganganun da suka biyo baya a guruf ɗinmu na WhatsApp na 'yan asalin gari, wanda a cikinsa akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan asibiti, akwai masu digiri biyu da ke zaune a Dutse da Kano da Abuja, mutanen da in ka ga sunansu za ka ce to ga waɗanda za su taka wa jama'a birki.

Ga wanda bai san zancen ba, ranar kasuwarmu ta makon jiya ne, bayan azahar kaɗan, a cikin kara, aka kama wani yaro da bai fi shekara 16 ba ya kwance wata 'yar akuya daga turke yana neman sulalewa da ita ta bayan rumfunan masu hatsi. Bari in faɗa tun yanzu kar wani ya ce ina wanke shi, satar ya yi, da igiyar a hannunsa aka kama shi. Mai akuyar ya yi ihu, kafin ka ce kwabo an yi wa yaron zobe, wani da gora wani da dorina wani ya ciro takalmin robarsa, wasu ma daga layin 'yan tumatir suka rugo ba su san me ya faru ba, sai da suka kai nasu dukan sannan suke tambayar wai me ya yi. Yaron tun yana "ku yi min rai" har ya koma nishi kawai, jini ta kunne ta hanci, can sai na ji wata murya daga baya tana cewa a kawo taya. Ni kuma ina tsaye da ledar cefane a hannu, abin da na iya kawai shi ne "ku bari mana, ku bari mana" a hankali kamar mai tsoron kar a ji shi, kuma wallahi tsoron nake, don na san in aka juyo aka ce ai tare suke to nima tawa ta ƙare.

Da yamma bidiyo ya shigo guruf. Sai ga "Allah ya ƙara" sun fi a ƙirga, wani ya ce maganinsu kenan, wani ya ce da yana wajen da sai dai uwarsa ta haifi wani. Sannan wani babban mutum da nake ganin girmansa, ba zan kama suna ba, ya rubuto dogon bayani wanda ƙarshensa shi ne wai wannan tausayin namu na banza shi ya lalata ƙasar nan, wai da za a riƙa ƙona biyu-uku a kowace kasuwa da tuni sata ta zama tarihi. Aka yi ta jinjina mishi. Kuma wannan maganar ba a guruf ɗinmu kaɗai take ba, duk mai bin Facebook ya san tun lokacin da ƙwacen waya ya addabi Kano ake ta yaɗa ta har ta zama kamar wata hikima, in ka ce a bi a hankali sai a ce maka ai don ba a taɓa saka maka wuƙa a wuya ba ne.

To ni tambayata ga wannan bawan Allah da masu jinjina mishi ita ce, ina kuke a ƙarshen watan Maris na 2025? Na san inda kuke, don a guruf ɗin nan muka yi kukan tare. Mafarauta 'yan jihar Kano, da yawansu daga Torankawa ta ƙaramar hukumar Bunkure, sun taso daga Fatakwal za su zo gida Sallah, ana cikin goman ƙarshe na azumi, 'yan sintiri suka tare motar da suka hau a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, wani ya ce masu garkuwa da mutane ne, jama'a suka taru, mutum 16 aka kashe har da cinna wuta. Sai da gwamnan Edo Monday Okpebholo ya tako har Kano ta'aziyya. A lokacin me muka ce? Cewa muka yi ko da masu laifi ne ai akwai hukuma, me ya hana a miƙa su ga 'yan sanda, wane irin rashin imani ne wannan. Kuma gaskiya muka faɗa. Amma fa waɗanda suka yi wannan aika-aikar su ma suna da tasu hujjar, su ma cewa suke garkuwa da mutane ta hana su zuwa gona, su ma cewa suke in an kai wa hukuma saki ake yi, kuma ba na shakkar su ma akwai wani mai ilimi a cikinsu da ya daɗe yana faɗa musu tausayi ne ya cuce su. Ku ɗauko hujjarku ku ajiye kusa da tasu ku nuna min inda suka rabu. A Uromi mu ne a kwance a ƙasa, shi ya sa muka gane zalunci ne.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a teburin mai shayi: wai ai su can rashin imani a jininsu yake, mu kuwa ɓarawo kawai muke duka. Wannan maganar ta jini ita ce ƙaryar da ta fi kowacce daɗi a baki, shi ya sa kowace ƙabila take yi wa 'yar'uwarta ita, laifi tudu ne ka taka naka ka hango na wani. Ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto a 2024, ta ce daga farkon 2012 zuwa watan Agustan 2023 ta ƙirga mutum aƙalla 555 da hukuncin taron jama'a ya rutsa da su a Najeriya, kudu da arewa duk suna ciki. Wanda ya watsa fetur a masallaci a Larabar Abasawa ta Gezawa a watan Mayun 2024 ya kulle ƙofa ya cinna wa masu sallar asuba wuta, daga wace ƙabila ya zo? Ɗan garin ne, danginsa ne a cikin sahun, a kan rabon gado, sama da mutum 20 suka rasu. Wanda ya kashe Hanifa 'yar shekara 5 a Kano, mai makarantar da iyayenta suka damƙa wa amanarta ne, a cikinmu yake zaune. In dai jini ne to jinin ɗan Adam ne gaba ɗaya tun daga kan Habila da Ƙabila, kuma ni da kai muna ɗauke da shi.

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina koyarwa a ƙauye, da wuya mutum ya iya azabtar da wanda yake kallo a matsayin ɗan wane jikan wane. Sai ya fara cire mishi sunansa ya laƙaba mishi wani tukuna, sannan hannu yake sakuwa. A Ruwanda a 1994 kafin a ɗauki adda sai da gidan rediyo ya daɗe yana kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai, to wa ke jin zafin take kyankyaso? A cikin kwana 100 aka kashe mutum kusan 800,000, kuma sau da yawa maƙwabci ne ya sari maƙwabcinsa. Mu ma muna da namu sunayen, kullum a bakinmu suke: ɓarawo, ɗan ƙwaya, ɗan daba, agola, almajiri, mayya. In shanu suka shiga gona a yankin Guri ko Kirikasamma lokacin kaka, sau nawa ake tsayawa a tambayi shanun waye? Rugar da ta fi kusa ita ce mai laifi, "ai Fulani ne". Su ma in aka taɓa musu yaro ko saniya duk manomin da suka tarar a fadama shi ne Kaɗo, shi zai biya. Tsohuwar da mijinta ya mutu ba ta da ɗa namiji, kaɗaici ya sa ta fara magana ita kaɗai, ranar da zazzaɓi ya kama wani yaro a unguwa sai a ce ita ta kama kurwarsa, a jawo ta a zage ta a ce sai ta tsallaka shi, matan da ta yi wa wankan jego suna cikin masu kallo. Daga ranar da aka ce mata mayya ta tashi daga Iya ko Gwaggo, komai aka yi mata ya halatta.

Kuma wannan hannun da ya ɗaga gora a kara ba ranar ya koyi duka ba. Mu daina yaudarar kanmu, a gidajenmu muke shuka abin nan muna ba shi ruwa. Yaro ɗan shekara 5 yana kallo babansa ya labta wa jaki mangalar taki a kan gyambon da ke bayansa, jakin ya durƙushe a hau shi da sanda har sai ya tashi. Yara su ɗaure wa kare gwangwani a wutsiya su bi shi da jifa, manya na zaune a dakali suna dariya. Mai taɓin hankali ya shigo gari a bi shi da waƙa da duwatsu, ba mai tsawatarwa sai in ya rama. Ɗan riƙo ya yi aikin gidan kaf, shi ne ɗebo ruwa shi ne kiwo shi ne yo ciyawa, in an zo cin abinci ƙanzo ne rabonsa, 'ya'yan gida suna gani suna koyon cewa akwai mutumin da yunwarsa ba yunwa ba ce. Yaro ya tsami nama a tukunya a kama hannunsa a ɗora a murhu ko a shafa mishi barkono a ido a ce tarbiyya ake. Maigida ya mari uwar yara a gabansu a kan gishiri ya yi yawa. A 2019 da aka fasa gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sasari a ƙafa bayansu duk tabon bulala, kowa ya yi ta salati, amma wa ya kai su? Akasari iyaye ne da 'yan'uwa suka ɗauke su da kansu suka kai, har da biyan kuɗi. In ka yi magana a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Eh ana tanƙwarawa, amma duk wanda ya taɓa yin baka ko ƙotar fartanya ya san in ka matsa wa ɗanyen icce da ƙarfin tsiya tsagewa yake yi, kuma tsagar ba ta komawa.

Ba a kan wasu kawai nake magana ba. Na yi shekaru ina shiga aji da tsumagiya a hannu, ina ganin shi ne malanta. Akwai wani yaro a aji 4 da kullum sai an gama taron safe yake zuwa, kullum sai na ba shi biyar a tafin hannu, ban taɓa tambayarsa me ke tsare shi ba. Wata rana lokacin tara na leƙa bayan aji sai na gan shi ya jera 'yan aji 1 ya samo tsinken dalbejiya yana zane su ɗaya bayan ɗaya, yana cewa "miƙo hannu, in ka janye sabo za mu fara", kalmomina sak, har yadda nake karkata kai. Jikina ya yi sanyi. Daga baya na bincika na gano maraya ne a hannun kawunsa, sai ya cika randuna daga rijiyar bayan gari kafin a bar shi ya taho, mafi yawan ranaku ko koko bai sha ba. Ni na ɗauka ladabi nake koya mishi, ashe abin da ya ɗauka a wajena shi ne in ka fi mutum ƙarfi ka sa shi ya miƙo hannu. Yau yaron ya zama magidanci, kuma duk lokacin da na ga an taru ana dukan wani sai in ji gabana ya faɗi kar in hango shi a ciki.

Sai kuma shi taron kansa. A cikin waɗanda suka daki yaron nan ba na jin akwai mutum biyar da za su iya yi mishi haka in su kaɗai ne da shi a ɗaki. Amma a taro kowa nasa ɗaya ne, ni mari ɗaya na yi, ni ƙafa ɗaya na sa, in rai ya fita ba wanda ya kashe. Wani malamin halayyar ɗan Adam a jami'ar Yale ta Amurka, Stanley Milgram, ya gwada wannan a 1961. Ya kawo mutane na yau da kullum ya ce su riƙa danna wa wani mutum wutar lantarki duk lokacin da ya kuskure amsa, wutar ta ƙarya ce amma su ba su sani ba, mutumin yana ihu yana roƙo, wani mai rigar ma'aikata yana ce musu ku ci gaba. A cikin mutum 40, 26 suka kai har maƙurar, bolt 450. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da ya sake gwajin ya haɗa su da wasu mutum biyu da suka ce mu kam mun daina, sai ya zama 4 kawai a cikin 40 suka kai ƙarshe. Mutum biyu kacal. Yanzu kuma waya ta ƙara faɗaɗa taron, wanda yake Abuja a ofis mai sanyi yana rubuta "Allah ya ƙara" shi ma ya shiga zoben, shi ne mai cewa ku ci gaba, kuma gobe matashin da ya ga an yaba wa masu dukan jiya zai fi su zafin hannu.

Masu cewa in an kai wa hukuma saki ake yi, eh yana faruwa, to ku ɗunguma ku je wajen dagaci da hakimi da ofishin 'yan sanda ku ce ba ku yarda ba mana, me ya sa jarumtarku ba ta tashi sai a kan yaro mai yunwa? Kuma wanda ya ƙona masallacin Gezawa da wanda ya kashe Hanifa ai kotu ce ta yanke musu hukuncin kisa, da shaidu da komai. Masu ɗora komai a kan talauci su ma ban yarda da su ba, waɗanda suka fi zaƙewa a guruf ɗinmu duk masu albashi ne. Masu cewa ƙonawa na sa a ji tsoro kuwa, shekara nawa ana rataya wa ɓarayi taya a biranen ƙasar nan, a wane gari sata ta ƙare?

Wanda ya fi ci min rai shi ne mai jawo addini, wai ai Musulunci ma ya ce a yanke hannun ɓarawo. Haba malam. Wa ya ce kai za ka yanke? A wane littafin fiƙihu ka karanta cewa 'yan tumatir da 'yan acaɓa su ne alƙalai? Kafin a taɓa hannun mutum sai an kai gaban alƙali, sai abin da ya sata ya kai nisabi, sai ya kasance daga ma'ajinsa ya ɗauke shi, sai an samu shaidu ko ya yi iƙirari da bakinsa, sai an duba balagarsa da hankalinsa, kuma in shubuha ta shigo haddi ya faɗi. Sayyidina Umar ya dakatar da yanke hannu a shekarar yunwa, shi da ake ba da labarin tsananinsa. Mu kuma a wannan tsadar da kwanon masara ya gagari magidanta da yawa muna neman taya saboda 'yar akuya. Manzon Allah (SAW) ya hana azaba da wuta, ya ce wannan na Ubangijin wuta ne shi kaɗai. An kawo mishi wanda ya sha giya, bayan an yi mishi hukunci wani ya ce Allah ya kunyata ka, Annabi ya hana, ya ce kar ku taimaki shaiɗan a kansa. Ku duba fa, mai laifin da laifinsa ya tabbata, baƙar addu'a kawai aka hana a yi mishi, to ina ga "Allah ya ƙara" a kan yaron da jini ke zuba ta kunnensa? Tun muna makarantar allo muke jin labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure ba ci ba sha, da matar banzan da aka gafarta wa saboda ta ɗebo ruwa da takalminta ta shayar da kare. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi ya sumbaci jikansa Hasan ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci. Duk wannan mun haddace, muna jinsa a tafsirin azumi muna girgiza kai, amma ranar kasuwa sai mu bar shi a gida. Wanda ya ce tausayi ne ya lalata mu ya san da wa yake jayayya kuwa?

Kuma wai tausayi ragwanta ne. Ni na ga rago a ranar, ni ne da ledar cefanena, da sauran irina da muka tsaya a gefe. Wanda ya tsayar da abin wani tsoho ne mai sayar da igiya da akala a bakin kara, ba zai gaza shekara 70 ba, jarinsa gaba ɗaya bai kai kuɗin akuyar ba. Ya kutsa cikin zoben, gora ɗaya ma ta same shi a kafaɗa, ya cire babbar rigarsa ya lulluɓa wa yaron ya durƙusa a kansa, sannan ya ɗaga murya ya ce "yaro, ya sunanka, ɗan gidan waye kai?" Da ƙyar yaron ya faɗi sunansa da ƙauyensu da sunan mahaifinsa. Sai wani daga cikin masu riƙe da gora ya ce "subhanallahi, ɗan marigayi wane ne", ashe sun taɓa zuwa cirani tare da uban. Wallahi a gabana hannaye suka fara sauka, wanda ke kiran a kawo taya ban ma ga ta inda ya bi ba. Tsohon ya juyo ya ce wa mai akuyar "Alhaji ga akuyarka nan ba ta mutu ba, ɗan mutane kake so ya mutu?" Alhajin ya ce "a'a Baba", ya ja igiyarsa. Laifin yaron bai ragu da komai ba a cikin minti biyun nan, ɓarawon akuya ne kafin tsohon ya zo, ɓarawon akuya ne bayan ya zo, sunansa kawai aka mayar mishi.

Irin wannan tsohon ne Malam Abubakar Abdullahi, wanda a watan Yunin 2018, lokacin yana limamin Nghar Yelwa a Barikin Ladi ta jihar Filato, da mahara suka zo ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi ba su hanya yana roƙonsu, a lokacin ya haura shekara 80. Har Amurka ta karrama shi a 2019. Ina so mai dogon rubutun guruf ɗinmu ya faɗa min tsakani da Allah, tsakanin wannan dattijon da wanda ya ɗauki gora ya shiga bayan mutum 50 ya daki wanda ke kwance, waye namiji? Taurin zuciya ba ya buƙatar komai, ko yaro ɗan aji 4 ya iya shi. Tausayin da zai sa ka saka jikinka tsakanin gora da wanda ba ka sani ba, alhali ka san mai laifi ne, wannan sai an yi renonsa, kuma mu mun daina renonsa, har mun fara jin kunyarsa.

Ban ce a bar ɓarawo ya tafi ba, a kama shi a kai shi inda ya dace, a bi sawun maganar har ƙarshe. Jigawa da Kano duk sun sa hannu a dokar kare yara, to ta fito daga takarda ta zo ƙauye. Limamanmu su ɗauki Juma'a guda su yi huɗuba a kan wannan da sunansa, ba a dunƙule ba. Sarkin kasuwa da mai unguwa su san wa za a kira da zarar an yi ihun ɓarawo. Malamai 'yan'uwana mu ajiye tsumagiya mu fara tambayar yaro me ya tsare shi. In yaronka ya jefi kare ka kira shi ka zaunar da shi.

'Yan sintiri ne suka ɗauki yaron a kan babur daga baya, aka fara kai shi asibiti. Na tambaya shekaranjiya aka ce an sallame shi, hannun dama a karye, kunnen hagu kuma har yanzu ba ya ji da shi, uwarsa ce ke jinyarsa, ita ma wankau take yi tana ci da ƙannensa. Akuyar kuwa tun a ranar kafin la'asar aka sayar da ita. Na kira mai kula da guruf ɗinmu na ce dan Allah ya goge bidiyon ko don uwar yaron, ya ce min "Malam bari in yi shawara da manya". Har zuwa yanzu da nake wannan rubutun bidiyon yana nan, jiya ma wani ɗalibina ɗan aji 6 ya nuna min shi a wayar yayansa.